Yadda Kalangu Ke Magana: Bayanin Taguwar Sauti ta Fuskar Kiɗan Ƙasar Musawa

Tsakure

Makaɗan Hausa da masu sauraronsu sun daɗe da yarda cewa kalangu yana magana. Wannan muƙala ta yi bayanin ginshiƙan ilimin taguwar sauti domin nuna ta inda itace da fata suke samun damar ɗaukar zancen mutum. An dubi asalin sauti da gudunsa, da siffofinsa guda uku, wato yawan kaɗawa da ƙarfi da launi, sannan aka gwama su da karin sautin Hausa da tsawon wasali. Muƙalar ta nuna cewa kalangu yana ɗaukar karin sauti da nauyin gaɓa, amma baƙi da wasali sun fi ƙarfinsa, kuma wannan giɓi ne ya sa maganarsa ta dogara ga take da kirari.

Fitilun kalmomi: sauti, taguwa, yawan kaɗawa, karin sauti, kalangu, Musawa

1.0 Gabatarwa

A garin Musawa, hedikwatar ƙaramar hukumar Musawa ta Jihar Katsina, aka haifi Alhaji Mamman Shata a shekarar 1923. Daga nan ya zauna Bakori, ya kuma yi zama mai tsawo a Funtuwa, har zuwa rasuwarsa a 1999. Kalangu shi ne ƙashin bayan kiɗansa. An yi nazarce-nazarce masu yawa a kan waƙoƙinsa, tun daga kundin digiri na uku na Ɗandatti Abdulƙadir a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, zuwa littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa a 2006. Galibin irin waɗannan ayyuka sun fi karkata ga tarihi da turke da salo da azanci. Shi kuwa amon da ke fitowa daga hammatar makaɗi, akan tsaya ga cewa yana da daɗi ko yana magana.

Manazarcin harshe shi ma yana da irin wannan giɓi. Ɗalibi yana koyon cewa Hausa tana da karin sama da karin ƙasa da karin faɗau, amma ba kasafai ake faɗa masa mene ne yake hawa ko sauka ba. Amsar waɗannan tambayoyi biyu guda ce, kuma tana cikin ilimin fiziks. Manufar wannan muƙala ita ce shimfiɗa wannan amsa da harshen Hausa, ta hanyar misalan da mazaunin yankin Musawa da Malumfashi da Funtuwa ya saba da su.

2.0 Asalin Sauti da Tafiyarsa

Duk wani sauti daga girgiza yake samo asali. Idan makaɗi ya bugi fatar kalangu, fatar takan lotsa ciki, ta dawo waje, ta sake komawa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Duk lokacin da ta bulluƙo waje takan matse iskar da ke gabanta, idan ta koma ciki kuma iskar ta sassauta. Iskar da aka matse takan tura ta kusa da ita, ita ma ta tura ta gaba. Wannan jerin matsewa da sassautawa da ke yaɗuwa ta kowace fuska shi ake nufi da taguwar sauti a wannan muƙala, bisa aron kalmar daga taguwar ruwa.

Abin lura shi ne, iskar da ke jikin kalangu ba ta tashi ta je kunnen mai sauraro. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin gonar dawa lokacin da iska ke kaɗawa ya ga misalin haka: motsi yana ratsa gonar daga wannan gefe zuwa wancan, alhali kowane kara yana nan inda aka shuka shi, rangaji kawai yake yi. Haka ƙwayoyin iska suke kai da komowa a gurbinsu, motsin ne yake tafiya. Idan ya isa kunne sai ya girgiza tantanin kunne, daga nan ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa shi ga ruwan da ke can cikin kunne, jijiyoyi kuma su kai saƙo ga ƙwaƙwalwa.

Saboda haka sauti ba ya tafiya sai da abin da zai bi, ko iska ko ruwa ko sandararren abu. Robert Boyle na Ingila ya gwada wannan a 1660, inda ya sanya agogo cikin tulun gilashi ya zuƙe iskar da ke ciki, sai ƙarar agogon ta dusashe.

2.1 Gudun Sauti

A cikin iska mai zafin digiri 20 a ma'aunin Salshiyos, sauti yana cin mita 343 a daƙiƙa guda. Duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana ƙara masa kimanin mita 0.6. Ke nan da tsakar ranar bazara, idan zafi ya kai digiri 40, gudun ya kusa mita 355, da asubahin hunturu kuwa, idan sanyi ya sauko zuwa digiri 15, sai ya koma mita 340. A cikin ruwa gudun ya kusa mita 1,500, a ƙarfe kuma ya kai mita 5,000. Haske kuwa yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Wannan rata ce ta sa manomi yake ganin walƙiya kafin ya ji aradu. Idan ya ƙirga daƙiƙa uku tsakaninsu, tsawar ta faɗi a nisan kilomita ɗaya ke nan. Ita ce kuma ta sa wanda ya hango makaɗan gayya daga nesa yake ganin hannu ya sauka kafin amon ganga ya iso shi.

3.0 Siffofin Taguwar Sauti

3.1 Yawan Kaɗawa

Adadin kai da komowar da abu yake yi cikin daƙiƙa guda shi ne yawan kaɗawarsa. Ana auna shi da haz, ma'aunin da aka raɗa wa sunan Heinrich Hertz, masanin fiziks na Jamus wanda ya rasu a 1894. Kaɗawa ɗari a daƙiƙa ita ce haz 100. Kunnen matashi mai lafiya yana jin abin da ya kama daga haz 20 zuwa haz 20,000, kuma iyakar ta sama tana raguwa da shekaru. Idan kaɗawa ta yi yawa kunne yakan ji sauti siriri mai kaifi, irin na sarewa. Idan ta yi kaɗan sai ya ji shi da kauri, irin na tambari.

Tazarar da ke tsakanin matsewa ɗaya da mai bi mata ita ce tsawon zango, kalmar da masu sauraron rediyo suka sani a gajeren zango da matsakaicin zango, ko da yake taguwar rediyo wani jinsi ce daban. Ana samun tsawon zango ta hanyar raba gudun sauti da yawan kaɗawa. Sauti mai haz 100 yana da zangon da ya kai mita 3.4, mai haz 5,000 kuwa bai cika santimita 7 ba.

3.2 Ƙarfi

Ƙarfin sauti ya danganta ga girman matsewar da iska ta yi. Bugu mai nauyi yana sa fata ta yi nisa a kai da komowarta, sai ƙara ta ƙaru. Ana auna wannan da desibel. Raɗa tana wajen desibel 30, hira ta yau da kullum wajen 60, daga 120 zuwa sama kuma kunne yakan fara ciwo. Ma'aunin yana hawa ne ta hanyar ninkawa: ƙarin desibel 10 yana nufin kuzarin sautin ya ninka sau goma. Don haka idan kalangu biyu suka yi bugu iri ɗaya, ƙarin da ake samu desibel 3 ne kacal, kuma sai an tara guda goma kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka sau biyu. A sarari kuma, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfi yakan ragu da desibel 6. Masana lafiyar ma'aikata suna gargaɗi a kan zama cikin ƙarar da ta kai desibel 85 na tsawon awa takwas a kullum, gargaɗin da ya shafi mai injin niƙa kamar yadda ya shafi makaɗin da ke kwana kusa da lasifika a gidan biki.

3.3 Launi

Goge da algaita suna iya fitar da sauti mai yawan kaɗawa ɗaya da ƙarfi ɗaya, amma ba wanda zai kasa bambance su. Dalili shi ne, abu mai girgiza ba ya yin kaɗawa guda tak. Tsarkiyar goge tana kaɗawa gaba ɗayanta, a lokaci guda kuma tana kaɗawa rabi-rabi, da kashi uku-uku, da sauransu. Idan uwar kaɗawar haz 200 ce, 'ya'yanta za su kasance 400 da 600 da 800, haka har sama. Kunne yana ɗaukar kaifi ko kauri daga uwar, yana kuma gane mai sautin daga yadda ƙarfi ya rarrabu a tsakanin 'ya'yan. Wannan rabo shi ne launin sauti. Lissafin da Joseph Fourier na Faransa ya wallafa a 1822 shi ya ba da hanyar warware kowace taguwa mai maimaita kanta zuwa irin waɗannan sassa, Hermann von Helmholtz kuma ya ɗora bayanin launin sauti a kansa a littafinsa na 1863.

4.0 Muryar Ɗan Adam da Karin Sautin Hausa

Magana tana da mafari da kuma matata, kamar yadda Gunnar Fant na Suwidin ya tsara a 1960. Mafarin shi ne tantanin maƙwallato, wanda iskar huhu take sa shi buɗewa da rufewa. A maganar namiji baligi yakan yi haka kimanin sau 120 a daƙiƙa, a ta mace kuma kimanin sau 210. Idan aka ɗame tantanin sai kaɗawa ta ƙaru, idan aka sake shi ta ragu.

Matatar kuwa ita ce kogon maƙogwaro da na baki da na hanci. Tsawon wannan hanya daga maƙwallato zuwa leɓɓa ya kai santimita 17 a jikin namiji. Kowane kogo yana da kaɗawar da yake ƙarfafawa, kamar yadda tulu yake canza amo yayin da ruwa ke cika shi. Motsin harshe da leɓɓa yana canza siffar kogon, sai wuraren da ake ƙarfafawa su gusa. Bambancin wasulan /a/ da /i/ da /u/ daga nan yake fitowa, wato bambancin launi ne.

Da wannan za a iya fassara kalmomin da aka saba da su a darasin tsarin sauti. Karin sama shi ne gaɓar da tantanin maƙwallato ya fi yawan kaɗawa a kanta idan aka gwada da maƙwabtanta. Karin ƙasa shi ne akasin haka. Karin faɗau kuwa kaɗawa ce da ta fara da yawa ta ragu a cikin gaɓa guda, kamar a kalmar kai ta sashen jiki, saɓanin kai wakilin suna. Da wannan ne kuka na hawaye, mai karin sama da sama, ya bambanta da kuka ta miya, mai sama da ƙasa. Haka wuya ta jiki, sama da ƙasa, da wuya ta wahala, ƙasa da sama. Tsawon wasali shi kuma lokaci ne zalla, wato daɗewar da taguwa ta yi kafin ta yanke, kuma shi ya raba gari na mazauni da gari na tuwo.

Ba wani adadin haz da aka keɓe wa karin sama. Karin ƙasan yarinya yana iya fin karin saman mahaifinta yawan kaɗawa. Ko a bakin mutum ɗaya, karin saman da ya biyo bayan karin ƙasa yakan sauko ƙasa da na farko, har ta kai karin saman ƙarshen doguwar jimla yana kusantar karin ƙasan farkonta. Wannan gangarowa sananniya ce a nazarin Hausa, Paul Newman ma ya yi bayaninta a babban littafinsa na nahawu na 2000. Abin da kunnen Bahaushe yake bi shi ne dangantakar gaɓa da 'yar'uwarta.

5.0 Kalangu a Ma'aunin Fiziks

Kalangu itace ne da aka fafe, mai faɗi a bakuna biyu da siririn ƙugu a tsakiya. An rufe kowane baki da fata, tsarkiyoyi kuma suka haɗa fatun biyu. Makaɗi yana rataya shi a kafaɗa, ya sa shi a hammata, yana bugu da lanƙwasasshen makaɗi, yana matsa tsarkiyoyin ko ya sake su. A tsarin gargajiya kiɗan mahauta ne, kamar yadda David Ames da Anthony King suka nuna a ƙamusunsu na kiɗan Hausa na 1971, amma ya yaɗu zuwa dambe da bukukuwa da kiɗan jama'a irin na Shata.

Abubuwa uku ne suke yanke yawan kaɗawar fata: faɗinta, da nauyinta, da ɗaurinta. Fata mai faɗi ko mai kauri tana kaɗawa a hankali, shi ya sa ganga ta fi kuntuku kaurin murya. Faɗi da nauyi masassaƙi da mai ɗinkin fata sun riga sun yanke su. Ɗauri ne kaɗai ya rage a hannun makaɗi, kuma tsarkiya ce ta ba shi ikon canza shi a tsakiyar kiɗa. Marin Mersenne ya bayyana ƙa'idar wannan a kan tsarkiya a 1636, kuma tana aiki a kan fata: domin yawan kaɗawa ya ninka sau biyu, sai ɗauri ya ninka sau huɗu. Wannan ya nuna dalilin da ya sa hawa na farko yake zuwa da sauƙi, amma kowane ƙari bayansa yake neman ƙarfin damtse fiye da na baya.

5.1 Abin da Kalangu Yake Ɗauka

Hammatar makaɗi tana yi wa fata abin da tsokar maƙogwaro take yi wa tantanin maƙwallato. Matsi da bugu yana ba da karin sama. Saki da bugu yana ba da karin ƙasa. Idan aka buga a matse, aka saki kafin amon ya mutu, sai a sami karin faɗau. Tun da dangantaka ce kunne yake bi, ba lallai ne kalangu ya yi daidai da muryar kowa ba, muddin ya kiyaye hawa da sauka. Nauyin gaɓa kuma yana fitowa ta tazarar da makaɗi ya bari kafin bugu na gaba: gajeriyar tazara ga gaɓa marar nauyi, doguwa ga mai nauyi. Gangar da ba ta da hanyar canza ɗauri a tsakiyar kiɗa tana iya kawo wannan tazara, tana kuma iya canza amo ta hanyar danna fata da yatsu, amma ba ta kai kalangu da jauje da kotso sakewa wajen bin karin sauti ba.

5.2 Abin da Ya Gagare Shi

Kalangu ba shi da harshe ko leɓɓa, don haka kogonsa siffa ɗaya gare shi. Ba shi da hanyar canza launi daga /a/ zuwa /i/, balle ya fitar da /ƙ/ ko /ts/. Bugu da ƙari, 'ya'yan kaɗawar fata ba sa bin jerin ninki ɗaya, biyu, uku irin na tsarkiya da murya. A lissafin fata mai siffar da'ira, suna zuwa ne a ninki 1.59 da 2.14 da 2.30, shi ya sa amon ganga bai kai na goge tsabta ba. C. V. Raman ya nuna a 1920 cewa makaɗan Indiya suna gyara wannan ta hanyar liƙa wani abu mai nauyi a tsakiyar fata. Makaɗan taushi da kotso su ma suna liƙa nake a fatar kayan kiɗansu, kuma ƙarin nauyi a wannan wuri yana saukar da kaɗawa.

Sakamakon wannan rashi a fili yake. Kalmomin yaro da doki da kuka ta miya duk gaɓa biyu ne masu nauyi, da karin sama sannan ƙasa. A bakin mutum ba mai rikita su. A kan kalangu kuwa bugu ɗaya ne. Mafita ita ce a tsawaita zance, a kuma tsayar da shi a kan siga guda da jama'a suka sani. Jerin gaɓa goma sha biyu mai tsayayyen kari da nauyi da wuya ya yi karo da wani. Wannan shi ne take. Ɗan dambe yana zabura idan ya ji takensa saboda ya riga ya haddace kalmomin, kiɗan yana tuna masa su ne ta hanyar ƙwarangwal ɗinsu. John Carrington ya tarar da irin wannan dabara a wurin mutanen Kele na ƙasar Kwango, ya kuma bayyana ta a littafinsa na 1949. Ke nan rabin maganar kalangu yana cikin fata, rabi kuma yana cikin ƙwaƙwalwar mai sauraro. Idan aka rasa waɗanda suka san take, kalangu zai ci gaba da amo, amma ya daina magana.

6.0 Sauti a Sararin Karkara

Yanayi yana taɓa kiɗa ta fuska biyu. Ta fuskar fata, laimar damina tana shiga cikinta, ta ƙara mata nauyi ta kuma sassauta ta, sai murya ta faɗi. Wannan ne dalilin da ya sa makaɗa suke shanya ganga a rana ko su kara ta kusa da wuta. Busasshiyar iskar hunturu kuwa tana ɗame fata.

Ta fuskar tafiya, da rana iskar da ke dab da ƙasa ta fi ta sama zafi, sauti ya fi gudu a cikinta, sai taguwar ta lanƙwasa ta yi sama ta wuce kan mai sauraro. Da dare da asuba ƙasa takan huce, iskar sama ta fi ɗumi, sai taguwar ta lanƙwaso ƙasa. Wannan, haɗe da shirun dare, shi ya sa ake jin kiɗan biki ko kiran salla daga ƙauyen da ba a jin motsinsa da rana. Sauti mai dogon zango kuma yana kewaye katanga da rumbu, iska ba ta shanye shi da sauri, alhali mai gajeren zango yana tarewa ya ɓace. Shi ya sa daga nesa amon ganga yake isowa, kalmomin 'yan amshi kuwa su narke.

7.0 Amfanin Wannan Ilimi ga Nazarin Hausa

Duk abin da aka ambata a sama ana iya auna shi. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira, kyauta ce, kuma tana zana hawa da saukar kaɗawa a kan kwamfuta. Manazarci zai iya naɗar take daga bakin makaɗi, ya naɗe shi daga kalangunsa, ya jera zanen biyu ya ga inda suka dace da inda suka rabu. Zai iya duba ko kalangu yana bin gangarowar jimla, da kuma yadda karin waƙa yake tafiya da karin kalma, batun da Paul Richards ya auna a kan wata waƙar Hausa tun a 1972.

Akwai hattara guda ga mai aiki da tsofaffin kaset. Zaren kaset yana tafiya ne a kan santimita 4.76 a daƙiƙa. Idan na'urar da aka kwafa da ita ta ƙara gudu da kashi shida cikin ɗari, kowace kaɗawa za ta hau da wannan gwargwado. Adadin haz da aka samu daga irin wannan kaset ba abin dogaro ba ne, amma dangantakar da ke tsakanin sautuka tana nan daram, kuma ita ce abin nema.

8.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa sauti matsewa ce da sassautawar iska, mai gudu da yawan kaɗawa da ƙarfi da launi. Hausa ta ɗora wani kaso na ma'anarta a kan yawan kaɗawa da lokaci, kalangu kuma yana da iko a kan waɗannan biyu ta hanyar tsarkiya da tazarar bugu. Launi, wanda baƙi da wasali suka dogara gare shi, ya fi ƙarfinsa, sai take da kirari suka cike gurbin. A yau da fiyano ya karɓe wurin kalangu a yawancin ɗakunan naɗar waƙa, aikin da ke gaban sassan Hausa shi ne su je wurin makaɗan da suka rage a Musawa da Bakori da Malumfashi da Funtuwa, su naɗi kowane take sau biyu, da baki da kuma kalangu, tare da sunan wanda ake yi wa shi da lokacin da ake buga shi.